Ƙafar Ummaru Maginin Rumbu

Duk shekara ana turo mana ku daga makarantar koyon aikin lafiya, kuma duk shekara abu ɗaya nake gani. Kowa so yake a kai shi ɗakin tiyata ko wajen allura. Wanda aka ce ya zo ɗakina sai ya ɓata rai, ya zauna a kan dakalin ƙofa yana latse-latsen waya, wai wankin ciwo ai ko tsohuwa a gida ta iya: auduga, aidin, bandeji, a sallami mutum. To, sannunku da ƙoƙari. Ni diresa ne, mai wankin ciwo, a kan wannan aiki na yi furfura a nan Talata Mafara, kuma har gobe idan zan kwance bandeji ɗoki nake yi kamar mai buɗe tsaraba, domin ban san abin da zan tarar a ƙarƙashinsa ba.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Almakashi, hantsaki, tasa, ruwan gishiri, auduga, bandeji da safar hannu. Manyan kayan kuwa ba a sayar da su a kasuwa: ido da hanci. Ciwon da ke warkewa ja ne jawur, yana tsiro da sabon nama daga gefe, ba ya wari. Wanda ya ɓaci kuwa tun mai shi yana bakin ƙofa hancina ya riga ya ba ni labari.

Aikin farko da na riƙe wa tasa, a Maradun ne, a hannun Malam Labbo, wanda ya koya mini sana'ar. Wani makiyayi aka kawo a kan jaki, bijimi ya soke shi a cinya, wurin ya kumbura suntum, jikinsa zafi rau. Malam Labbo ya sa na dafa hantsaki da almakashi a kan risho har ruwan ya yi ta tafasa, ya wanke ciwon, ya yanke mataccen nama, sannan aka yi wa mutumin allurar finisilin. Kai, zamanin nan magani magani ne! Kafin kasuwa ta zagayo, ga makiyayin nan tsaye da sandarsa yana tambayar ina shanunsa. Na yi ta murna kamar ni na ƙirƙiro allurar. Malam Labbo kuwa bai bari an sallame shi ba sai da aka cika masa allurarsa har ta ƙarshe, mutumin yana ta ƙorafi wai ai ya warke.

"Kai ka warke," in ji Malam Labbo, "abin da ac ciki bai gama mutuwa ba. Kwanta."

Na daɗe ina dafa ƙarafa da zubar da tasa kafin ya yarda hannuna ya taɓa ciwo. A lokacin ina ganin mugunta ce kawai irin ta tsofaffi, kamar yadda ku ma kuke gani yanzu idan na ce ku sake wanke hannu.

Da mutane suka ga aikin irin wannan magani, sai suka so shi so na haƙiƙa, kuma son ne ya jawo mana. Kafso ya shigo kasuwa a kan faranti, ja-da-yalo, ja-da-baƙi, ana talla da shi cikin rana kusa da mai alewa. Mai mura ya haɗiyi guda. Mai ciwon ciki ya haɗiyi biyu. Wanda lauje ya yanka ya ɓare ɗaya ya barbaɗa garin a kai. A zuba wa kaji a ruwa, a yi wa saniya, gobe a tatsi nononta a dama fura. Ba wanda ya yi da mugun nufi. Sannu a hankali sai na lura ciwukan da ke zuwa ɗakina sun fara taurin kai. Wanda a da yake jin magani tun a zagayen farko, yanzu sai likita ya canza masa wani, ya sake canzawa, kafin ya rusuna.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rumbuna suka yi ta zubewa a ƙauyuka. Ɗakina bai taɓa cika irin na wannan kaka ba, kuma ban taɓa ganin magani ya ji kunya irin na lokacin ba. A cikin wannan hali aka kawo mini Ummaru.

Ummaru mutumin Damri ne, ta ƙasar Bakura, maginin rumbu. Wanda bai san ginin rumbu ba zai ɗauka aikin hannu ne, alhali rabinsa na ƙafa ne. A jiƙa ƙasa, a zuba ciyawa, magini ya shiga da ƙafafunsa ya yi ta tattakawa har ta yi danƙo, kuma da tafin ƙafa yake jin ko ta nuna. Cikin wannan tattaki ya taka fasasshiyar kwalba, ta shige tsakanin 'yan yatsunsa na ƙafar dama. Ranar Talata, ranar kasuwa, ya iso a bayan kabu-kabu, matarsa Hajo tana biye a wani. Dogo ne, mai fara'a, mai yawan gaisuwa. Sai da ya tambayi gida da iyali da gajiya da ruwa, ya zaro goro ya miƙa mini, ya miƙa wa mai shara, ya miƙa wa wanda ke layi a bayansa, sannan ya tuna da ciwo ya zo.

Na kwance tsumman. Garin kafso ya daskare a kai ya yi ɓawo, ƙarƙashinsa mugunya ce fal.

"Malam Ummaru, mi ka sa ma wanga ciwo?"

"Yo mi ab ban sa ba, Malam? Ja-da-yalo na ɓare mai. Wani aminina Bahillace ma ya taimaka min da allurar shanunai, yac ce tana da ƙarhi."

Na wanke, na share, na kai shi gaban likitanmu, Dakta Nasiru, saurayi ne a lokacin amma mai natsuwa. Ya rubuta magani, muka yi wa Ummaru bayani dalla-dalla cewa ya shanye shi duka, ko ya ji sauƙi kada ya tsaya. Ya ce in Allah ya yarda. Ya tafi yana sa mana albarka.

Da ya dawo wanki, ciwon ya ɗan yi kyau. Dawowa ta gaba, ya koma gidan jiya har ya zarce. Likita ya canza magani. Haka aka sake yi: sauƙi kaɗan, sannan a ci gaba da ɓaci. Ƙananan yatsu biyu suka fara baƙi, kumburi ya kama bayan ƙafa, fatar ta yi ja, yana hawa. Dakta Nasiru ya ɗauki biro ya zana layi a fatar, daidai idon sawu, ya dubi Ummaru ya gaya masa gaskiya: in jan nan ya haye wannan layi, sai dai a yanke ƙafar don a ceci rai.

Ranar ce kaɗai na ga Ummaru bai ba kowa goro ba. Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ce, "Likita, magini da ƙahwa guda ai sai bara. Ɗiyana bakwai."

Likita ya ce ba za mu ci gaba da harbi cikin duhu ba. A ɗebi mugunyar a kai babban asibiti a Gusau, a tambayi ƙwayoyin cutar da kansu wane magani suke tsoro. Ni na goga ɗan tsinke mai auduga a cikin ciwon, na rufe a kwalba, na sa a cikin kular ƙanƙara, na shiga mota da kaina. Shekara da shekaru ina faɗa da waɗannan halittu ban taɓa ganin fuskarsu ba, ina zan bari wani ya je a madadina?

A ɗakin gwajin na sami Malama Rabi, ita ke wannan aiki. Ta karɓa ta ce in dawo bayan kwana biyu ko uku, sai an shuka sun tsiro. Na ce shuka? Ta yi dariya ta ce ai su ma manoma ne, gonarsu ce dai ƙarama. Da na koma, ta ce sakamako yana takarda, na ce ni dai a nuna mini gonar. Ta sa na sa takunkumi da safar hannu, ta ɗauko wani ɗan faranti mai murfi, mai haske kamar gilashi, bai fi tafin hannu ba, ta ɗaga shi saitin taga.

Jama'a, ban taɓa ganin abin mamaki irin wannan ba! Farantin ya rufe ruf da wani abu fari-fari kamar saman kunun da ya kwana. Wannan, in ji ta, su ne ƙwayoyin cutar ƙafar Ummaru, bakteriya, sun hayayyafa har ido na iya ganin taronsu. A kansu an jera 'yan ƙananan takardu zagayayyu, kowace an jiƙa ta da magani iri guda. Ta nuna ta farko da bakin biro.

"Wanga shi na ja-da-yalo. Duba."

Ƙwayoyin sun tsiro har jikin takardar, sun kewaye ta, ko gezau. Ta nuna ta biyu, maganin da muka fara ba shi. Haka. Ta uku, wanda muka canza masa. Haka. Wallahi har haushi ya kama ni, kamar in ga ɓarawo yana cin tuwo a gaban mai gadi. Sai ta juya farantin. Can gefe ga wata takarda guda, kewayenta fili ne tas, zobe mai faɗi, babu ƙwaya ko ɗaya da ta kusanto.

Ban san lokacin da na yi kabbara ba, har na kusa da ita suka waiwayo. Malama Rabi ta ce in rage murna in saurara. A cikin kowane ciwo, in ji ta, ƙwayoyin nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Idan an ba su magani cikakke, a kan lokaci, ana gamawa da su. Idan aka ba su rabi-rabi, yau a sha gobe a fasa, ragwayen ne ke mutuwa, masu taurin su tsira, su haifi masu tauri irinsu, har su koya wa maƙwabtansu. Daga nan kuma ba a jikin mutum ɗaya za su tsaya ba, suna bin hannu, da ruwa, da tasa, su shiga wani.

"Zobe guda yar rage mishi," ta ce. "Ku riƙe shi da kyau. In wanga ya tahi, ban da wani da zan nuna maka."

Na dawo Mafara baki har kunne, na yi wa duk wanda ke cikin motar nan bayanin faranti, har da wanda ke barci. Likita ya rubuta maganin, ƙwayoyi ne na haɗiya. Muka sake ja wa Ummaru kunne. Kuma abin ya yi aiki kamar yankan wuƙa. Wankin da ya biyo baya wari ya ɗauke, kumburi ya ja da baya daga layin biro, jan nama ya fara leƙowa. Na kira duk ma'aikatan da ke kusa su zo su gani, har da mai gadi.

Sai kuma wata Talata na kwance bandeji, hancina ya riga idona. Warin ya dawo.

Abin ya ɗaure mini kai. Faranti ba ya ƙarya, na gani da idona. Na tambayi Ummaru ko yana shan magani, ya ce yana sha. Na dubi Hajo, ta kawar da kai ta gyara lulluɓinta. Wannan kawar da kai ne ya sa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na hau babur na nufi Damri, da sunan dubiya.

Na tarar da zaurensa cike. Ummaru na kishingiɗe a tabarma, ƙafa a kan matashi, masu dubiya sai shigowa suke. Aka yi mini maraba, aka kawo fura. Ina cikin sha sai ga wani dattijo ya shigo, aka yi gaisuwa mai tsawo, ya zauna yana tari. Ummaru ya dube shi da tausayi.

"Kawu, wanga tari bai sake ka ba har yau?"

"Ina hwa! Ga shi nan dai."

Sai Ummaru ya sa hannu ƙarƙashin matashi, ya zaro katin maganin nan, maganin zobe guda, ya ɓallo biyu ya miƙa masa da hannu bibbiyu. "Amshi wanga. Na Gusau na, ba irin na kasuwa ba. Sai da anka auna shi ga hwaranti."

Na ajiye furar. Na karɓe katin daga hannunsa, abin da ban taɓa yi wa babba a gidansa ba.

"Malam Ummaru! Mutum nawa ka ba?"

Ya yi mamakin tambayar. Ya fara lissafo su: mai ciwon haƙori, mai jego a maƙwabta, wani mai basir, limamin unguwa da ya yi mura. Shi kuma da ya ga katin yana ƙarewa sai ya koma shan guda a wuni, wata rana ma ya ɗaga, don ya ishi kowa. Maganin farko da na biyun da muka ba shi ma haka aka yi da su.

"To Malam, mutum ya taso takanas ya zo gaishe ka, shina ciwo, kai kana da magani ƙarƙashin kai, ka ƙyale shi ya tahi hannu sake? Ni ba a haihe ni haka ba."

Ga shi dai gaskiyarsa yake faɗa. Mutumin nan ba wawa ba ne, ba kuma mai kunnen ƙashi ba. Tun tasowarsa bai taɓa cin abu shi kaɗai ba, kuma duk Damri an san shi da haka. Raina ya ɓaci, amma na rasa ta inda zan kama shi. Sai na hango rumbunsa ta ƙofar zaure.

"In ka kwaɓa ƙasar rumbu guda, maƙwabci ya zo roƙo, ka ɗebar mai, wani ya zo ka ɗebar mai, mi za ka samu?"

"Rabin rumbu," ya ce. "Ruwan hwari na kada shi."

"Su hwa da ka ɗebar ma?"

Ya waiwaya ya dubi Kawu. Sannan a hankali ya ce, "Ko akurki ba ta yi musu."

"To haka ka yi. Kai ba ka warke ba, Kawu bai warke ba, don tarinai ma ba na wanga magani ba na. Abin da kunka yi dut, kun koya ma cutar yadda za ta gane shi."

Daga bayan asabari sai muka ji muryar Hajo, ba ta ko damu da baƙi ba. "Malam, hwaɗa mishi da ƙarhi! Ni na yi magana har bakina ya gaji. Na ɓoye cikin kwalla, ya aiki ɗiya ta ɗauko. Ku tahi da shi can wurinku, in ba haka ba wallahi har ƙahwar sai ya raba ma mutane."

Zauren ya fashe da dariya, har shi Ummarun. Ni ban yi ba, ina kallon layin biro. Jan ya kusa taɓa shi.

Washegari Dakta Nasiru ya ba shi gado, ya ce shawarar Hajo ta fi tamu. Aka sake ɗibar mugunya aka aika Gusau, domin ba mu sani ba ko zoben nan yana nan ko ya tafi. Kwanakin jiran nan na yi ta wanke ciwon safe da yamma, kowane wanki sai na duba layi. Ina tsakiyar naɗa wa wata mata bandeji wayata ta yi ƙara. Malama Rabi ce ta turo hoton faranti. Na cire safar hannu, na buɗa hoton da yatsu biyu. Zoben yana nan! Ya tsuke, bai kai faɗin na farko ba, amma yana nan, ta kuma ce har yanzu zai yi aiki in an ba da shi yadda ya kamata. Na bar matar nan da rabin bandeji na ruga ofishin likita ina ɗaga waya sama kamar wanda aka yi wa albishir ɗin haihuwa.

Wannan karon ta jijiya aka ba shi, a kan lokaci, ba fashi. Masu dubiya suka biyo shi har asibiti, Hajo ta ajiye ƙwaryar goro a gefen gado, duk wanda ya yi tari a ba shi ɗaya a nuna masa layin ganin likita. Ummaru ya ce wannan magani bai da zumunci, tunda ba ya ɓalluwa. Yatsun nan biyu da suka yi baƙi ba su dawo ba, likita ya cire su. Amma jan bai haye layi ba. Na ga ramin nan yana cikowa da jan nama, wanki bayan wanki, har ranar da na kwance bandeji na ga babu abin da zan mayar da shi a kai.

Tun daga shekarar na ga farantai da yawa a waya. Wasu zobe biyu, wasu guda. Na ga wanda babu ko ɗaya, fari fat daga gefe zuwa gefe, kuma mai wannan faranti bai koma gida da ƙafarsa ba. Shi ya sa idan kuka ga na tsare mutum a ƙofa ina tambayarsa su wa ke zuwa gaishe shi, wa ke riƙe masa magani, kada ku ce tsoho ya cika surutu. Wannan tambaya tana cikin wankin ciwo, daidai da aidin.

Da rani ya kama, sai ga Ummaru da jaki biyu ɗauke da ƙasa. Ya ce ya lura masu jiran wanki a tsaye suke jira, bai ga dalili ba. A gaban ɗakin nan ya jiƙa ƙasar, ya naɗe wando, ya shiga da ƙafafunsa biyu yana tattakawa, ni da Hajo da rabin asibiti muna kallo muna ta shewa. Ya gina dakali, ya shafe samansa da siminti. Kafin ya bushe, sai ya ɗaga ƙafar dama ya dangwala a kusurwa, ya danna sosai.

"In wani yac ce zai raba maganinai," ya ce, "ka nuna mai nan."

Dakalin da kuke zama a kai kuna latsa waya ke nan. Ku tashi ku duba kusurwar da ke wajen ƙofa, ku ƙirga yatsun. In kun gama, ku wanke hannu ku shigo, akwai mai jira.